Buhun naushin da ya rama

Masu koyar da damben zamani suna cewa buhun naushi ya kai kamar rabin nauyin mai dukansa. Ni kilo 70 ne, wato kilo 35 ya ishe ni. To amma wa ke da lokacin awo alhali zuciya na tafasa? Na jawo wata tsohuwar doguwar jakar tafiya, na ɗura mata yashi har wuya.

Shi kuwa busasshen yashi, lita guda takan haura kilo ɗaya da rabi. Jakar ta lanƙwame wajen lita 50. Ku yi lissafin da kanku: abokin karawata ya fi ni nauyi tun kafin a shiga fili.

Da ƙyar ni da ƙanena muka ɗaga shi, muka rataye a ƙugiyar fankar falo.

"Yaya, fanka fa aka yi wa ƙugiyar nan," in ji shi.

Na ce masa ƙarfe ƙarfe ne, ya matsa ya ga aikin maza.

Na ja baya, na yi wani ihu irin na 'yan karate, na kai naushi da iya ƙarfina. Buhun ko gezau. Ni kuwa sai da na ji zafin har cikin haƙorana. Yashi halinsa ke nan, yana gangarowa ƙasa ya dunƙule kamar siminti, shi ya sa buhunan kanti tsummokara ake cusa musu. Wanda ya san haka ya yi shiru, Allah ya isa.

Tunda hannu ya kumbura, na koma hari da ƙafa. Wannan karon ya motsa. Ya tafi can a hankali, ya yi shawara, ya dawo ya same ni ina yi wa ƙanena bayanin yadda ake tsayuwa. Muka zube tare: ni, buhun, ƙugiyar, da wani yanki na silin.

Yaron nan sai da ya gama ɗauka a waya kafin ya janye buhun daga kaina.

"Sannu Yaya. A zagayen farko kuwa?"

Yanzu makiwara nake shirin haɗawa, irin na mutanen Okinawa a Japan, katako ne a kafe a ƙasa an naɗe kansa da igiya. Shi ba ya lilo, ba ya ramuwa. Matsalar kawai, uwargida ta ɓoye guduma da zarto, ta kuma rantse ba ta gan su ba.