Rana Tana Nuna Mana Alƙibla Sau Biyu a Shekara

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa Musulmi na Yamai da Tawa da kewaye.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa a Suratur Rahman, aya ta 5, cewa rana da wata da lissafi suke tafiya. Mukan karanta mu wuce, alhali lissafin nan abu ne da ake aunawa. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, haskenta sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya kafin ya iso gare mu, faɗinta kuma ya ninka na duniya sau 109. Duk da haka ana iya faɗin inda za a gan ta a sama a minti kaza na rana kaza, tun shekaru kafin lokacin, kuma ba ta saɓawa. Wannan daidaito muke so mu yi aiki da shi a kan alƙibla, domin sakacinmu a kanta ya yi yawa.

Da yawa daga cikinmu, idan za a shimfiɗa tabarmar salla a sabon gida ko a ja igiyar harsashin masallacin unguwa, sai a duba inda rana ke fitowa a ce nan ne. To mafitar rana ba wuri ɗaya ba ce. Duniya a karkace take zagaya rana, karkatar da ta kai digiri 23 da kusan rabi, shi ya sa rana ba ta fitowa daga tsakiyar gabas sai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni tana fitowa digiri 24 ta wajen arewa, a ƙarshen Disamba kuma digiri 24 ta wajen kudu. Alƙiblar Yamai tana digiri 72 idan an ƙirga daga arewa zuwa hannun dama, wato gabas ce da ta karkata arewa da digiri 18. Ta Tawa kusan 74 ce. Saboda haka wanda ya ɗauki mafitar rana a lokacin ɗari, a Yamai, ya kauce da digiri 42, kusan rabin tazarar da ke tsakanin gabas da kudu. Kuma ginin da aka aza a haka, jikoki ma a haka za su gaje shi.

Ga sauƙin da Allah Ya yi mana. Makka tana digiri 21 da minti 25 arewa da layin da ya raba duniya biyu, cikin yankin da rana ke bi ta tsakiyar ka. Sau biyu a shekara, lokacin zawali, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 29 sai a ja baya da kwana ɗaya. A wannan lokaci duk wanda ke ganin rana, a ko'ina yake, idan ya fuskance ta ya fuskanci Ka'aba. Makka ta riga mu da awa biyu, don haka a agogon Nijar ƙarfe 10:18 ne na safe a Mayu, 10:27 a Yuli. Lokacin ɗaya ne a Yamai da Tawa da Agadas da Damagaram, ba kamar lokutan salla ba, inda a azahar, misali, Tawa ke riga Yamai da minti 12 zuwa 13.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya mai tsawon mita ɗaya ko fiye, wani abu mai nauyi da za a ɗaura mata a ƙasa kamar yadda magina ke yi in suna duba miƙewar bango, ƙusa biyu, gawayi ko fenti, da agogon da aka daidaita. A nemi shimfiɗaɗɗen fili, wanda ba tudu ba gangare, inda rana ke sauka da hantsi. A rataye igiyar tun kafin lokaci, a bar ta ta daina lilo, nauyin ya kusa taɓa ƙasa amma kada ya taɓa. Da lokaci ya yi, a kafa ƙusa ɗaya daidai ƙarƙashin nauyin, ɗaya kuma can ƙarshen inuwar igiyar, a ja layi tsakaninsu. Sai mutum ya tsaya a ƙusar ƙarshen inuwa ya dubi ta ƙarƙashin igiya. Inda fuskarsa ta nufa, nan ce alƙibla. Sahu kuma a gicciye yake da wannan layi.

Akwai hanyar gane ko an yi daidai. Abin da tsawonsa ya kai mita ɗaya a tsaye, inuwarsa a Yamai za ta kai kusan santimita 75 a wannan lokaci, a Tawa kusan 66. In an ga ta yi nesa da haka ƙwarai, a sake duba agogo da shimfiɗar ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na sanda. Mutum ya soka sanda a ƙasa, ido ya ce masa ta miƙe, alhali ta ɗan jingina. Idan kan sandar mita ɗaya ya kauce gefe da santimita 5 kacal, layin zai goce da kusan digiri 4. Shi ya sa muka fi son igiya mai nauyi, ita ba ta karkata sai in iska ta kaɗa ta, kuma ana iya kare ta da tabarma ta gefen da iskar ke zuwa. Na biyu shi ne ɗaukar 12:18 da aka gani a saƙon da ya fito daga Saudiyya a yi aiki da shi a nan. A wannan lokaci rana ta kusa tsakiyar ka a wurinmu, inuwa ta gajarce ta juya, kuskuren a Yamai ya kai kusan digiri 30. Na uku, a bi inda inuwa ta nufa a ce nan ce alƙibla, alhali inuwa yamma take faɗuwa. Amma jinkirin ƴan mintoci kada ya tayar wa kowa hankali: a yankinmu rana hawa take yi kusan a miƙe a wannan sa'a, minti biyar ba ya kawo ko rabin digiri. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ma ya halatta a auna a daidai wannan lokaci. Kuma don Allah kada a kalli rana da ido, musamman yara, tana ƙona ganin mutum ba tare da ya ji zafi ba. Inuwa ta wadatar.

Wani zai ce ai akwai kamfas a cikin salula. Yana da amfani, sai dai maganaɗisu yake bi, ƙarfen cikin siminti da rufin kwano da babur da ke kusa duk suna jan sa. A ɗaki ɗaya sai ka ga wayoyi biyu sun saɓa. Rana babu abin da ke jan ta.

Wannan ba duba ba ne, ba kuma bokanci ba. A Suratu Yunus, aya ta 5, Allah Ya ce Ya ƙaddara wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi, a Suratul Baƙara, aya ta 144, kuma Ya umarce mu da juya fuska wajen Masallaci Mai Alfarma. Abin da aka hana shi ne jingina arziki da mutuwa da aure ga taurari.

Sai abin da ya fi damun mu, wato ladabi. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda yake nesa da Makka, abin da ke kansa shi ne ya fuskanci jiharta gwargwadon ƙoƙarinsa, karkata kaɗan ba ta ɓata salla. Mu da ke nesa da kusan kilomita 4,000 muna cikin wannan sauƙi. Don haka ƙanenmu matasa, wanda ya auna ya ga masallacin unguwa ya ɗan goce, kada ya tashi bayan salla ya ce wa iyayenmu sallarsu ta shekaru ta lalace. Ya sami liman shi kaɗai, ya gaishe shi, ya roƙe shi a auna tare a gaban dattawa. In karkatar babba ce, malamai su yi hukunci, kuma sau da yawa ba sai an taɓa bango ba, layin sahu kawai ake sake ja a ƙasa. Inda aikin ya fi wajaba shi ne masallacin da ba a aza harsashinsa ba tukuna, da filin idi, da maƙabarta, da ɗakunan da iyayenmu mata ke salla a gida. Wanda zai yi, ya fi kyau ya shirya wa ta Mayu, domin tsakiyar Yuli damina ce, hadari na iya rufe rana kwana uku a jere. Da an sami layin, a zana shi da fenti a kan siminti ko a binne duwatsu biyu, kada ruwan farko ya share shi.