Iya danna waya ba shi ne ƙwarewar fasaha ba

Wai abin da ke damuna shi ne yadda iyaye da yawa suke ɗauka cewa in dai yaro ya iya latsa waya, yana shiga YouTube yana sauke gem da kanshi, to ya gama da darasin fasaha, makaranta ba ta da abin da za ta ƙara mishi. Na gane dalilinsu kam, yaran yanzu hannunsu na da sauri, wani ma shi ke gyara wa babanshi setin ɗin waya.

Amma ma'aunin da ake gwada ɗalibai da shi ba nan ya tsaya ba. Ɗauki na ƙungiyar ISTE a Amurka, mai aiki kan amfani da fasaha a harkar ilimi, wanda ta fara fitarwa a 1998, ta sabunta a 2007 da 2016, jihohi kuma kowace ke yanke shawarar ɗauka don can ilimi a hannun jihohi yake. Na farkon ya fi karkata ga sarrafa kwamfutar kanta, na 2016 kuwa ginshiƙai 7 ne kuma kusan duk kan tunani suke, wato tantance bayani, kare sirri a intanet, warware matsala mataki mataki, aiki tare da wasu.

Misali a ce wa ɗalibi ya binciko dalilin zazzaɓin cizon sauro. Buɗe Google minti ɗaya ne, ana so ne ya duba wa ya rubuta shafin, yaushe, ya gwada da wani shafin sannan ya faɗi inda ya samo, wannan kuma sai malami ya zauna ya koyar.