A bar mana jadawalinmu

Makon jiya wata ƙungiyar 'yan kasuwa da nake yi wa ɗan aikin kwamfuta a Wuse ta kira ni in saurari wani matashi mai neman kwangila. Shawararsa ita ce a kwashe bayanan mambobi da na adashi daga rumbun kwamfuta da suke ciki, mai jadawali layi-layi, a zuba su a wani rumbu mai ajiye kowane abu a dunƙule, yadda manhajarsa ke son ganinsa. Wai jadawali tsohon yayi ne. Ma'aji ya dube ni ya ce, "Malam, mu dai kada kuɗin mutane su salwanta."

Abin haushin shi ne wannan sabon yayin ya girmi yaron. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake shelar cewa rumbunan dunƙule irin su GemStone da ObjectStore da Versant za su binne tsarin jadawali da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970. Har ƙungiya aka kafa a 1991, ODMG, don ta tsara musu ƙa'ida guda. A 2001 ta watse. Oracle, rumbun jadawali da ya shigo kasuwa a 1979, kuwa yana nan daram.

Rumbun dunƙule yana jera bayanai ne daidai da tambayar da ke kan mai rubuta manhaja ranar da ya rubuta ta. Ga mamba, ga lambar wayarsa, ga zubinsa da bashinsa duk a ƙulli ɗaya. Buɗe shafin mutum ɗaya kamar ƙiftawar ido. To, bari ƙarshen shekara ta zo, mai binciken kuɗi ya zauna da biro ya ce a fito masa da waɗanda suka ci bashi bayan babbar sallah, ba su biya ba, kuma suka tsaya wa wasu. Babu wanda ya hango wannan tambayar. A jadawali, 'yan layukan SQL ne, wato harshen yi wa rumbun tambaya, kuma duk wanda ya iya SQL zai rubuta su, tunda tun 1986 harshen yake da ƙa'ida tsayayya. A ɗaya rumbun sai an kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya da sabon shiri, galibi sai an nemo wanda ya ƙulla. A Abujar nan mun san inda yake zuwa bayan shekara biyu: Kanada, waya a kashe.

Masu rubuta manhaja suna kukan cewa daidaita manhaja da jadawali wahala ne. Wahalar ai ita ake biyan su, kuma Hibernate, manhajar da ke yi musu wannan daidaitawar, na rage musu ita tun 2001. Injiniyoyi masu zanen injuna na da hujjar amfani da dunƙule. Ƙungiyar adashi ba jirgin sama take ƙerawa ba.

Ko MongoDB, ɗan'uwan rumbunan dunƙule da matasanmu ke rantsuwa da shi tun fitowarsa a 2009, sai a 2018 ya iya tabbatar da cewa cire kuɗi daga wannan ƙulli da zuba su a wancan za su faru tare ko a fasa duka, abin da jadawali ya daɗe yana yi. PostgreSQL kuma, rumbun jadawali na kyauta, ya karɓi JSONB, wata hanyar ajiye bayanai a dunƙule, a 2014, mai son dunƙule ya ajiye abinsa a gida ɗaya cikin jadawali.

Ya kamata masu ba da kwangila, har da ma'aikatun gwamnati, su riƙa sa sharaɗin cewa wani daban zai iya karanta rumbun ba tare da manhajar ɗan kwangila ba. Shi muka gindaya wa yaron. Ya ce zai turo sabon farashi, har yau shiru.