Me ake dubawa a shingayen Abuja, inshora ko takardarta?

Duk mai bin hanyar Nyanya da Mararraba da safe ya san abin. Ana cikin cunkoso sai a ɗaga maka hannu, a ce ka gangara gefe. Direba ya zaro wata tsohuwar leda cike da takardu, jami'i ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya duba kwanan wata, ya miƙo masa. "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Shi ke nan, an gama bincike.

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta fara matsa wa masu motoci kan inshorar da ke biyan diyya ga wanda ka yi wa ɓarna a hanya. Wajabcin ba sabo ba ne, ya samo asali tun dokar 1945, zamanin Turawa. Kuma ni ban ga laifin matakin ba. Naira 15,000 ce a shekara ga motar gida, tun da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga ta daga 5,000 a farkon 2023. Kuɗin da bai cika rabin tankin mai ba, amma idan ka lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har naira miliyan 3. Mai shakka ta fuskar addini ma yana da mafita, tunda akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, takarda ake dubawa, ita kuwa takarda kowa na iya bugawa.

Bara wani ɗan tasi ya daki bayan motar maƙwabcina a Kubwa. But ta lotsa, fitila ɗaya ta tarwatse. Direban, yaro mai ladabi, ya durƙusa yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi takarduna cikakku ne." Ya kuwa fito da ta inshora, ga hatimi, ga sa hannu. Ɗan maƙwabcin nawa ya shigar da lambar motar a waya, a rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa, wato NIID. Babu ita, babu dalilinta. Ashe a hannun wani ɗan kamasho direban ya sayi takardar a gindin bishiya, ranar da ya je sabunta lasin. Wata bakwai yana ratsa shingaye da ita, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Abin da ya fi ba ni tausayi, bai ma san akwai wani kamfani da ya kamata ya biya a madadinsa ba. Shi a saninsa inshora "takardar 'yan sanda" ce, ka nuna ka wuce. Daga ƙarshe dattawa suka shiga tsakani, ya riƙa biyan mai gyara kaɗan-kaɗan daga ɗan abin da yake samu.

Wannan binciken da ɗan maƙwabcin nawa ya yi a tsaye, bai ɗauke shi minti biyu ba. Me zai hana jami'in da ke kan shinge ya yi? Waya tana aljihunsa. Idan lamba ta fito, a sallami mutum. Idan ba ta fito ba, a tambaye shi inda ya samo takardar, a bi sawu zuwa gindin bishiyar. Direba ɗaya ake tarewa a hanya, shi kuwa mai bugawa yana can yana sayar wa wasu.

Masu tarewa dai ba su yi mana kaɗan ba. Ga 'yan sanda, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga masu karɓar harajin ƙananan hukumomi. Har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke hukunci a Oktoban 2024 cewa jami'an duba motoci na VIO ba su da hurumin tare mota, ƙwace ta ko cin tarar direba. Direbobi sun yi murna, ni ma na yi, sai dai hukuncin bai mayar da jabun takarda ta gaskiya ba.

Mu ma masu motoci da namu laifin. Da yawanmu mun san ta dubu biyar ɗin nan da ake tayawa a ɓoye ba ta Allah ba ce, muna karɓa saboda arha. Ranar da abin nan ya faru a Kubwa, ina shiga gida na ɗauko tawa ledar, na karanta wa ɗan maƙwabcin nawa lambar motata ya duba min. Kafin amsa ta fito, gabana sai da ya faɗi, don ni ma aike na yi aka karɓo min.