Yaron da bai yi barantaka ba, wa ya naɗa shi ubangida?

Duk mai riƙe da babbar waya a Maraɗi ya ga irin hotunan da nake nufi. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 tsaye gaban 'yar rumfar kayan waya a unguwar Zariya ko Sabon Gari, ko yarinya mai sayar da turare da atamfa ta WhatsApp, ana yi masu kirarin shugabannin kamfani. Neman halak ba abin kunya ba ne, kuma ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ɗora barin lakwal a kan gaba, kamar shi ne mabuɗin arzikin. Sai ka ga dattawa da furfurarsu suna sa albarka a ƙarƙashin hoton, suna cewa ai Alhazan Maraɗi ma ba su yi boko ba.

Gaskiya ne da yawa daga cikin alhazan da suka tara dukiya a zamanin gyaɗa, iyakar karatunsu allo. Amma masu wannan magana sun san abin da suka tsallake. Yawancin mutanen nan a gidan ubangida suka tashi. Yaro ya yi shekaru yana dakon buhu, yana tsaye bakin sikeli a kasuwannin ƙauye, yana bin babbar mota zuwa Kano ya dawo ya ba da lissafi har na dala guda. Can yake koyon wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama, da yadda ake auna kuɗin Najeriya da sefa, da yadda ake magana da ɗan duwan. Sai ubangida ya gamsu da amanarsa sannan ya yanka masa jari, ya kuma tsaya masa a gaban manyan diloli. Lokacin da fari na shekarun 1970 ya karya cinikin gyaɗa, waɗanda suka miƙe su ne masu arzikin mutane, suka juya zuwa fataucin yadi da taba da sauran hajar da ake ƙetarawa da ita Najeriya.

Yaron yau fa? Jarinsa kwasar adashin uwarsa ne, ko kuɗin jar akuyar da aka sayar. Dilansa lamba ce kawai a cikin waya, ya tura kuɗi ta Nita ko Amana ya zauna yana addu'a kaya su iso. Babu wanda ya koya masa, babu wanda zai tsaya masa. Ya bar makarantar boko, bai kuma shiga makarantar kasuwa ba.

Kuma a wane gari? Garin da numfashinsa ke rataye da kan iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya har farkon 2024. Kafin nan, a watan Mayun 2023, cire tallafin mai a Najeriya ya bugi 'yan ruwa-ruwa. Babban ɗan kasuwa yana da sito, yana da masu ɗaga masa ƙafa, yana iya jira. Yaro mai jarin jika hamsin kuwa cinye uwar kuɗin yake yi kafin a buɗe hanya. Wannan ranar babu mai ɗaukar hotonta. Ajin da ya bari ya wuce shi, kunya kuma ba ta barinsa ya koma ya zauna da ƙannensa.

Ko doka ba ta san wannan sarauta da muke naɗa masu ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, ta bai-ɗaya tsakanin wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke aiki da ita, ba ta yarda wanda bai kai shekarun girma ba ya zama ɗan kasuwa, sai in an ba shi matsayin babba a hukumance. Dokar ƙwadago kuwa ta buɗe masa ƙofar aiki da koyon sana'a daga shekara 14. Wato ta san shi a matsayin mai koyo, mu ne muka ɗora masa rawani.

Za a ce ga masu digiri daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna zaman shayi a fada. Suna nan, amma rashin aikin babba bai taɓa zama hujjar cire ƙarami daga aji ba. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa. Ranar da ya iso, mai iya karanta takardar duwan da rubuta yarjejeniya shi zai riƙe cinikin, 'ya'yanmu da muka yi wa tafi su yi masa dako.

Na 'yan mata ya fi ciwo. Talla ce aka ɗauke daga kan tire aka mayar cikin waya, ribar kuma kayan ɗaki take tafiya, a jihar da ke sahun gaba wajen aurar da yara ƙanana. Gwamnati ta fitar da doka a 2017 don a riƙe yarinya a makaranta har shekara 16, mu kuma muna yi wa wadda ta fita guɗa.

Alhazan da ake kafa hujja da sunansu su ya kamata su fara magana. Kowane babban kanti a babbar kasuwa ya ɗauki yara biyu ko uku, da sharaɗin lakwal da safe, kanti da marece da ranakun hutu, jari kuma sai bayan an kammala. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa ido a kai. Gidajen rediyo da masu shafuka, in sun gayyato yaro mai sana'a, su fara tambayarsa aji nawa yake, kuma wane ne ubangidansa.