Aiki daga gida ya yi wa ƙwararru rana, amma wa zai koyar da masu tasowa?

Ranar 11 ga Maris, 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, ma'aikatan fasahar sadarwa na cikin waɗanda suka fi kowa saurin samun mafita. Direba ba zai tuƙa mota daga ɗakinsa ba, ma'aikaciyar jinya ma sai ta tsaya a kan majinyaci, amma mai rubuta manhaja kwamfutarsa kawai ya saka a jaka ya tafi gida, washegari kuma aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kamfanin Zoom ya bayyana cewa masu shiga taro a dandalinsa sun tashi daga kimanin miliyan 10 a rana a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Abin da shugabannin kamfanoni suka shafe shekaru suna cewa ba zai yiwu ba, sai ga shi ya yiwu cikin 'yan makonni, domin larura ta zo.

Daga nan aka shiga zuba alkawura. A watan Mayun 2020 Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya shaida wa ma'aikatan kamfanin cewa duk wanda aikinsa ya ba da dama yana iya zamansa a gida har illa masha Allah, a cikin watan kuma Mark Zuckerberg ya yi hasashen cewa nan da shekara biyar zuwa goma rabin ma'aikatan Facebook za su iya komawa aiki daga nesa. Kuɗi na shigowa, duniya ta koma saye da sayarwa da karatu ta intanet, sai kamfanonin suka yi ta ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Kamfanin Facebook kaɗai, wanda daga baya ya koma Meta, ya tashi daga ma'aikata kusan 45,000 a ƙarshen 2019 zuwa sama da 87,000 a Satumban 2022. A wannan tsakanin ne ƙwararren da ke zaune a Indiya ko Brazil ko Kenya ya samu damar yi wa kamfanin wata nahiya aiki ba tare da ya nemi biza ko ya rabu da iyalinsa ba, kuma a ganina wannan ita ce riba mafi girma da annobar ta bar wa wannan sana'a.

Bikin bai daɗe ba. Babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022, masu zuba jari suka ja da baya, aka koma sallama: Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000, Microsoft kuma 10,000 a Janairun 2023, Amazon ya rage 27,000 a zagaye biyu. Elon Musk yana karɓar Twitter ya soke alkawarin Dorsey. Amazon ya fara da wajabta zuwa ofis kwana uku a mako a 2023, daga bisani ya mayar da shi kwana biyar daga Janairun 2025.

Masu goyon bayan wannan koma-baya sukan ce wanda ke gida ba ya aiki yadda ya kamata. Hujjar da ake da ita ba ta taimake su ba. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan bincikensa sun gwada abin a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, inda aka raba ma'aikata sama da 1,600 gida biyu, wasu suna zuwa ofis kullum, wasu suna zama gida kwana biyu a mako. Sakamakon da mujallar Nature ta wallafa a 2024 ya nuna babu wani bambanci a ingancin aiki ko ƙarin girma, sai ma ajiye aiki da ya ragu da kashi ɗaya bisa uku a cikin masu kwana biyu a gida. Shi ya sa idan na ji kamfanin da ke neman rage ma'aikata ya tashi haiƙan kan dokar dawowa ofis, nakan yi zargin cewa so yake wasu su gaji su tafi da kansu, ya huta biyan kuɗin sallama.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin masu wannan muhawara, daga shugabanni har manyan injiniyoyi, mutane ne da suka riga suka iya aikin, kuma a ofis suka koya. Wanda ba a cika jin muryarsa ba shi ne sabon shiga.

A ɗauki matashiyar da ta samu aikinta na farko tana rubuta manhaja daga ɗakinta. Ta haɗa abin da aka ba ta, ta gwada, allo ya cika da jan rubutu mai nuna kuskure. Ta buɗe dandalin hirar kamfani, ta rubuta wa babban injiniyan tawagarsu tambaya, ta duba ta ga alamar da ke gefen sunansa na nuna yana cikin taro, sai ta goge. Ta sake rubutawa, ta tuna jiya ma sau biyu ta tambaye shi, ta sake gogewa don kada a ɗauke ta ba ta san komai ba. Haka za ta ɓata yini guda a kan abin da, da a ce tebur ɗaya suke, juya kujera kawai zai yi ya nuna mata layin da yatsa. Asarar ma ta wuce ta yinin, domin ba ta taɓa ganin yadda yake bin sawun matsala ba, ba ta ji yadda yake lallashin abokin ciniki da ya fusata a waya ba, ba ta kuma ji gardamar da manyan suka yi kafin su zaɓi wannan hanya su bar waccan ba. Irin wannan ilimi babu darasinsa a intanet, da zama kusa da masu shi ake tsintarsa.

Bincike ya tabbatar da wannan damuwa. Nazarin da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka, wanda aka wallafa a 2021, ya gano cewa bayan komawa gida kowa ya fi manne wa 'yan tawagarsa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Masanan tattalin arziki Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais kuma sun bibiyi injiniyoyin manhaja na wani babban kamfanin Amurka, suka ga waɗanda ke gini ɗaya da abokan aikinsu sun fi samun gyara da shawara a kan abin da suka rubuta, musamman matasa da mata, sannan wannan fifiko ya kusan ɓacewa da aka rufe ofisoshi. Wani ɓangare na bincikensu ne ya fi ɗaukar hankalina: manyan injiniyoyin da ke zaune kusa da ƙanana sukan rubuta manhaja ƙasa da takwarorinsu, saboda lokacinsu na tafiya wajen koyarwa. Ke nan wani ɓangare na ƙarin himmar da ake yaba wa aiki daga gida bashi ne aka ci, kuma masu tasowa ne za su biya. Babba ya huta da tambaya, alƙaluman wannan wata sun yi kyau, amma ba a reni wanda zai gaje shi ba.

Ana cikin haka ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun bayan fitowar GitHub Copilot, mai taya injiniya rubuta manhaja, da kuma ChatGPT da ya biyo baya a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da ake ba sabon ma'aikaci ya goge hannunsa da su, irin su gyara ƙaramin kuskure ko rubuta abin da ake gwada manhaja da shi, ƙwararre na iya kammala su cikin mintuna da taimakon na'ura. Kamfanin da ke iya ɗauko mai gogewar shekara takwas daga kowace kusurwa ta duniya, ga kuma na'ura a hannunsa, ba shi da wani dalili na kusa da zai sa ya ɗauki ɗan koyo. Kowane kamfani na jiran wani ya horar masa.

Duk da haka ban yarda cewa tilasta wa kowa dawowa ofis shi ne magani ba. Akwai ofisoshi da dama da mutum zai sha cunkoson hanya ya iso, ya zauna, ya toshe kunnuwansa, ya yini yana taron bidiyo da abokan aikin da ke wani gari, wanda ke gefensa kuwa ko sunansa bai sani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dokar kwana biyar kuma tana rufe ƙofar da ta buɗe wa na nesa, da masu buƙata ta musamman, da iyayen da ke renon ƙananan yara. Kamfanoni irin su GitLab da Automattic, waɗanda tun kafin korona ma'aikatansu a warwatse suke a ƙasashe da dama, sun nuna ana iya tafiyar da aiki ba tare da ofis ba, amma da sharaɗin a rubuta komai a fili, daga yadda ake yanke shawara har yadda ake karɓar sabon ma'aikaci. Kamfanoni da yawa sun kwaikwayi zaman gidan, suka bar wannan wahalar.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a daina ɗaukar koyarwa a matsayin alfarmar da babba ke yi idan ya samu sarari. A ware wa kowane sabon shiga mutum guda da zai riƙa zama da shi a kan aiki ɗaya, ko a ɗaki ɗaya ko a allo ɗaya, na wasu sa'o'i sanannu a kowane mako, a kuma rage wa babban nauyin aikinsa daidai da haka. Idan tawaga za ta haɗu a ofis, ta haɗu a rana ɗaya, manya da ƙanana tare. Sannan a ƙarshen shekara, lokacin da ake duba wanda ya cancanci ƙarin girma da ƙarin albashi, a tambayi kowane babban injiniya mutum nawa ne suka iya tsayawa da ƙafarsu ta dalilinsa, a kuma lissafa amsar kamar yadda ake lissafa manhajar da ya rubuta.