Wanda ya gano gyaran, shi zai rubuta shi

'Yan uwa masu rubuta manhaja a Kano, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Muna kula da manhajar kanta sosai, amma takardar da ke bayanin yadda ake girka kwamfutar da ke haɗa ta tana gwada ta, ba mai waiwayarta.

Manhajar da ke tafiyar da wannan injin, Jenkins ce, Buildbot ce ko GitHub Actions, aikin ɗaya ne: ka tura canji, injin ya jawo, ya haɗa, ya gwada, ya gaya maka in ka ɓata wani abu. Muddin yana tafiya, kowa ya manta yadda aka tayar da shi.

Takardar kuwa tsufa take yi ko ba wanda ya taɓa ta. An daina tallafa wa Python 2, tsohuwar sigar yaren rubuta manhaja na Python, tun farkon 2020, amma har yau za ka ga umarnin da ya dogara da shi. A Oktoban 2020 GitHub, shafin da ake ajiye aikin manhaja, ya mayar da sunan babban reshen aiki main maimakon master a sabbin ma'ajiya, takarda na nan tana cewa master. A Agustan 2021 ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki, sai token (lambar shiga ta musamman) ko mabuɗin SSH (mabuɗin tsaro da ke kan kwamfutarka). A tsarin aikin kwamfuta na Ubuntu 24.04 ma, pip, mai girka kayan Python, zai ƙi girka kaya kai tsaye kan tsarin sai ka keɓe masa muhalli.

Wa ke shan wahalar? Ɗalibin da ya zo neman ƙwarewa daga jami'a. Zai bi mataki na huɗu a takardar ya ga jan rubutun kuskure, ya sake saukar da komai, data ta ƙare, man janareta na ƙonewa, shi kuma yana zargin kansa. Da yamma ya ce, "Yallaɓai, ya ƙi tashi." Oga ya jawo kwamfutar, ya buga layi biyu, ya ce ai yanzu ba haka ake yi ba. Shi ke nan. Gyaran ya zauna a kan oga, ko ya nutse a guruf ɗin WhatsApp. Ranar da oga ya koma Abuja kuma injin ya mutu, aiki ya tsaya cik.

Wallahi wannan ba adalci ba ne ga na baya. Duk wanda ya gano gyara, ya buɗe README, wato takardar bayanin, a ranar, ya goge layin da ya mutu, ya rubuta sabon da lambar sigar da aka gwada da dalilin canjin. Kalmar sirri dai kada ta shiga ciki.

Sannan a gwada takardar a kan sabon inji fes, ko a cikin Docker, manhajar da ke ba ka keɓaɓɓen muhalli kamar sabon inji. A ba sabon yaron ya bi ta daga farko, oga ya zauna gefe ya naɗe hannu. Duk inda yaron ya tsaya ya yi tambaya, nan ne layin da za a gyara.